Ƙasar Da Ta Kori Jiragen Ingila Da Almakashi

Kuɗin ƙarfe na ƙasar Aislan, tsibirin da ke arewacin tekun Atlantika, ba su ɗauke da hoton sarki ko na shugaba. A kan krona 1 kifin kod ne, a kan krona 10 wasu 'yan ƙananan kifaye ne da ake kira kafelin, krona 50 ƙaguwa ce, krona 100 kuwa wani kifi ne mai ƙuraje a jiki wanda ƙwansa ake nema. Ba a cika riƙe tsabar kuɗi a can ba, ko shayi za ka sha da kati za ka biya, don haka sai da na nemi canji takanas kafin na gan su. Aikin kifi ne ya kai ni ƙasar, wani horo da ake tara ma'aikatan kifi daga Afirka da Asiya a koya musu ƙidayar kifi da sarrafa shi, kuma duk wanda ya zo wannan horo, kafin ya gama sabawa da sanyi an riga an cika masa kunne da lambobi huɗu: 4, 12, 50, 200. Yaro ɗan makaranta ma ya san su. Yawan mil ɗin da ƙasar ta riƙa tura iyakar ruwanta ke nan, daga 1952 zuwa 1975.

Jirgi yana sauka ne a Keflavik, a wani fili na baƙin dutse da babu bishiya ko ɗaya, iska tana kaɗawa kamar za ta ɗauke mutum. Sojojin Amurka sun zauna a nan daga 1951 har zuwa 2006, kuma tsofaffin gidajensu suna nan a gefen hanya, yanzu farar hula ke ciki. A lokacin ban ba su muhimmanci ba, hankalina yana kan yadda zan yi sallar Azahar da La'asar da Magariba a ranar da haskenta bai wuce awa huɗu zuwa biyar ba. Daga baya na gane cewa labarin kifin ƙasar ba ya cika in an cire wannan sansani.

A tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Reykjavik, babban birnin ƙasar, akwai gidan tarihin teku, a cikin ginin da a da masana'antar daskarar da kifi ce. A bakinsa aka ɗaure wani jirgi mai launin toka, sunansa Odinn, wanda aka ƙera a Denmak a 1959 ya iso ƙasar a 1960. Tsofaffin ma'aikatansa ne ke kula da shi, kuma ɗaya daga cikinsu, wani dattijo mai faffaɗar kafaɗa da ba ya gaggawar magana, shi ya zaga da mu. Bai fara da yaƙi ba. Ya fara ne da wata takarda da aka sa wa hannu a Landan a 1901.

A wancan lokaci Aislan tana ƙarƙashin Denmak, ba ta da bakin magana a harkar waje. Denmak da Birtaniya suka zauna suka yanke cewa ruwan da ya zama na 'yan Aislan da na tsibiran Faro su kaɗai shi ne mil 3 daga gaɓa. Mil ɗin teku mita 1,852 ne, wato abin bai kai kilomita 6 ba. Lungun teku kuma ba a rufe shi sai inda faɗinsa bai wuce mil 10 ba, wanda ke nufin manyan lungunan ƙasar, Faxafloi da Breidafjordur, inda kifi ke taruwa ƙanana ke girma, sun zama na kowa da kowa. Jiragen jan taru masu aiki da tururi daga garuruwan Hull da Grimsby na Ingila suka riƙa shigowa suna sharar ƙasan teku, mutanen ƙauye da kwale-kwalensu na fila suna kallo daga bakin ruwa. Har yau 'yan ƙasar suna cewa Denmak ta sayar da ruwansu ne don a bar ta ta ci gaba da kai man shanu da naman alade kasuwar Ingila. Dattijon ya faɗe shi ba tare da ɗaga murya ba, yadda ake ba da labarin gādon da aka cinye tun zamanin kakanni.

Ko mil 3 ɗin ma ba girmama shi ake yi ba. A watan Oktoba na 1899, a lungun Dyrafjordur da ke arewa maso yamma, jami'in mulkin yankin, Hannes Hafstein, ya shiga ƙaramin kwale-kwale da mutanensa ya nufi wani jirgin Ingila mai suna Royalist da ke su a cikin lungun, da niyyar kama shi. Aka kifar da kwale-kwalen, mutum uku suka nutse. Shi Hafstein ya tsira, kuma shi ne ya zama ministan Aislan na farko a 1904.

Yarjejeniyar 1901 ta yi shekara 50 tana aiki. Da ƙasar ta zama jamhuriya a 1944, ba ta yi garaje ba. A 1948 majalisa ta yi dokar kare kifin da ke kan tudun ƙasan teku da ya kewaye tsibirin, a 1949 ta ba Birtaniya sanarwar fita daga yarjejeniyar, wa'adin ya cika a 1951. Ƙarshen wannan shekarar kuma Kotun Duniya da ke Hague ta ba Norwe gaskiya a shari'arta da Birtaniya, ta ce ƙasa mai gaɓa mai lunguna da tsibirai tana iya jan miƙaƙƙen layi daga wannan tsini zuwa wancan ta fara awo daga nan. Aislan ta ga ƙofa ta buɗe. A 1952 ta ja layinta, ta rufe manyan lungunan, ta ce mil 4.

Masu jiragen Ingila suka hana a sauke kifin Aislan a tashoshinsu, suna zaton yunwa za ta dawo da ita hanya. Sai Tarayyar Sobiyet ta miƙo hannu, ta ce a kawo kifin a karɓi man fetur. Ƙasar da ke cikin ƙungiyar tsaro ta NATO, da sojojin Amurka a ƙofar gidanta, tana ciniki da Mosko ana tsakiyar yaƙin cacar baka! Amurka ba ta ji daɗi ba, ita ma ta ƙara sayen kifin. A 1956 aka janye takunkumin, an bar 'yan Aislan da sababbin kasuwanni da masana'antun daskarar da kifi da ba su da irinsu a da.

Daga nan abin ya zama kamar zubi. Taron dokar teku na Geneva a 1958 ya watse ba a daidaita kan faɗin iyaka ba, Aislan ta ce mil 12 daga ranar 1 ga Satumba, Birtaniya ta turo jiragen yaƙi su yi wa masuntanta rakiya. An sasanta a watan Maris na 1961: Birtaniya ta amince da mil 12, aka bar ta ta yi su a wasu wurare tsakanin mil 6 da 12 na shekara uku, Aislan kuma ta yarda cewa in za ta sake ƙarawa, a je Kotun Duniya. Da aka zo 1972 sabuwar gwamnati ta ce mil 50, ta kuma ce wancan alkawari bai ɗaure ta ba. Birtaniya da Jamus ta Yamma suka kai ƙara, Aislan ta ƙi zuwa kotun ma sam, kotu ta yanke hukunci a 1974 ba a gabanta ba kuma ba a son ranta ba. A nan fa, in za a faɗi gaskiya, ba Aislan ce ke da hujjar takarda ba. Ta sa hannu a 1961 ta kuma juya baya. Na ce wa dattijon haka. Ya yi murmushi ya ce kifin da za a ƙarar kafin alƙali ya gama karatu, wa zai biya shi?

Sai ya kai mu bayan jirgin ya nuna mana abin da muka zo gani. Ƙarfe ne kawai, tsayinsa bai fi na mutum ba, mai 'yan yatsu huɗu kamar ƙugiyar ciro guga daga rijiya, sai dai a cikin kowane lungu an dasa wuƙa. Jirgin jan taru yana jan tarunsa ne da igiyoyin ƙarfe biyu. Jirgin gadi sai ya saki wannan ƙarfe a ruwa da doguwar waya, ya gitta ta bayan mai su, ƙugiya ta kama igiya ta datse. Taru ya tafi ƙasan teku da kifin da ke ciki da duk kuɗin da aka zuba a kansa, mai jirgi ya koma gida hannu rabbana ko ya ɓata kwanaki yana ɗaura wani. Ranar 5 ga Satumba, 1972, jirgin Aegir ya fara gwada shi. 'Yan ƙasar almakashi suke ce masa. Aislan ba ta da soja, jiragen gadinta a yatsun hannu ake ƙirga su, bindigogin da ke kansu tsofaffi ne ƙwarai, mutanenta a lokacin ba su fi 220,000 ba. Da wannan ƙarfe suka tunkari rundunar ruwan da ta taɓa mallakar tekunan duniya.

Kada a ɗauka wasa ne. Igiyar ƙarfe in ta tsinke tana dawowa da ƙarfin da zai karya mutum, kuma ta ji wa masunta rauni. Jirage sun riƙa karo da juna da gangan a cikin teku mai ƙanƙara. A watan Agusta na 1973 wani injiniya na jirgin Aegir, Halldor Hallfredsson, ya rasu, lantarki ya ja shi yana walda don gyaran ɓarnar da karo da jirgin yaƙin Birtaniya ya yi. A watan Mayu na 1976 jirgin yaƙi Falmouth ya banki jirgin gadi Tyr har ya kusa kifewa. Amma a cikin ɗakin matuƙin Odinn ɗin nan akwai wani labari da dattijon ya fi daɗewa a kansa. A watan Fabrairu na 1968, cikin wata muguwar guguwar ƙanƙara, wannan jirgi ne ya ceto ma'aikatan jirgin Ingila Notts County da ya yi karo da gaɓa a Isafjardardjup. A farkon wannan shekarar garin Hull ya rasa jirage uku da mutum 58 cikin 'yan makonni. Masu gadin da masuntan sun san juna, sun san muryar juna a rediyo, teku ɗaya ke cin su.

Rikicin mil 50 ya lafa a watan Nuwamba na 1973 da yarjejeniyar shekara biyu da ta kayyade wa Birtaniya tan 130,000 a shekara. Tana ƙarewa aka shiga na mil 200. A watan Fabrairu na 1976 Aislan ta yanke hulɗar jakadanci da Birtaniya, abin da ba a taɓa gani ba tsakanin ƙasashe biyu na NATO. A nan sansanin Keflavik ya shigo. Daga can ake sa ido kan jiragen ƙarƙashin ruwa na Sobiyet masu ratsawa tsakanin Girinlan da Aislan da Birtaniya, kuma duk lokacin da rikici ya yi zafi sai 'yan siyasar Reykjavik su fara maganar rufe shi. Ina ganin almakashi ya sa kamun kifi ya yi wa Ingilishi tsada, amma abin da ya sa manyan ƙasashe suka matsa wa Landan ta haƙura shi ne inda Allah ya ajiye tsibirin. Wata ƙaramar ƙasar da ba ta kan wannan mashigi, da ta yi abin da Aislan ta yi, da wuya ta kai labari. Ranar 1 ga Yuni, 1976, a Oslo, aka sa hannu: jiragen Birtaniya 24 a lokaci guda, na wata shida. Ranar 1 ga Disamba suka naɗe tabarmarsu.

Abin dariya, wata guda bayan haka, a farkon 1977, Birtaniya ita ma ta ayyana mil 200 nata. Nijeriya ta yi nata a 1978. Da aka rattaba hannu kan Dokar Teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya a Jamaika a 1982, abin da aka kira Aislan 'yar fashi a kansa ya zama haƙƙin kowace ƙasa mai gaɓa. Masuntan Hull da Grimsby da Fleetwood su aka bari da asara, dubbai suka rasa aiki, kuma sai a shekarar 2000 gwamnatinsu ta fito da tsarin diyya na kirki, lokacin da yawa daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya.

Na fi fahimtar me ake nufi da "tsibiri" a wannan doka ranar da muka tsallaka zuwa Heimaey, a tsibiran Vestmannaeyjar da ke kudu. Jirgin fito ne, tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba, amma ta ishi cikin wanda ya saba da ruwan kogi. Shiga tashar garin sai ta wani siririn wuri, tsauni a hannu ɗaya, baƙin dutsen da ya daskare a ɗaya hannun. Daren 23 ga Janairu, 1973, ana tsakiyar rikicin mil 50, ƙasa ta tsage a gefen garin wuta ta fito. Ikon Allah, guguwa ta hana jiragen su fita a ranar da ta gabata, duk suna tasha, su suka kwashe mutane kusan 5,000 a daren. Da narkakken dutse ya nufi bakin tashar, sai aka yi ta feshe shi da ruwan teku wata da watanni har ya tsaya. Gidaje wajen 400 suka tafi, amma tashar ta tsira, ta ma fi da samun kariya daga iska.

Daga kudancin tsibirin, in sama ta washe, ana hango tsibirin Surtsey, wanda ya ɓullo daga cikin teku a watan Nuwamba na 1963. Ba mai taka shi sai masu bincike. Amma yana cikin wuraren da ake fara awon iyakar ƙasar, wato dutsen da babu shi a 1962 ya tura layin Aislan kudu. A arewa kuma akasin haka ke faruwa. Akwai wani ɗan dutse, Kolbeinsey, fiye da kilomita 100 daga gaɓa, wanda teku ke ci a hankali. A 1989 har kankare aka zuba masa aka yi wurin saukar jirgi mai saukar ungulu don kada ya ɓace, igiyar ruwa ta zo ta rushe shi. Abin da ya ceci Aislan shi ne ta riga ta zauna da Denmak da Girinlan a 1997 sun raba ruwan da ake taƙaddama a kai, layin ya zauna a takarda ko dutsen ya nutse. Dokar 1982 ta ce dutsen da mutum ba zai iya rayuwa a kansa ba ba ya jan mil 200, shi ya sa Birtaniya ta saki da'awarta a kewayen dutsen Rockall a 1997. Da Norwe kuma an daidaita kan tsibirin Jan Mayen tun 1980. Jimilla, ƙasar da faɗinta kilomita murabba'i 103,000 ne tana da ruwan su da ya haura 750,000.

A hanyar dawowa aka biya da mu wata masana'anta a yankin Reykjanes, kusa da inda tururi ke fitowa daga ƙasa. Tun daga ƙofa hancina ya gane wurin kafin idona. Kawunan kod ne da ƙasusuwan baya, jere a kan tarairai, ana busar da su da zafin ruwan ƙarƙashin ƙasa, ana matse su a ɗinke cikin buhunan algarara. Wani abokin tafiyata, Bayarabe daga Legas, ya dafa ni ya ce, "Malam, ka ga panla tun daga gidan ubansa." Kusan duk abin da ake yi a wurin Nijeriya ake kai shi. Shi ne okporoko da ake gani a kasuwar Sabon Gari a Kano, wanda maƙwabtanmu Ibo ba sa miya sai da shi. Ma'aikatan suna bin labarin naira fiye da yadda na zata, domin lokacin da dala ta yi wuya a Nijeriya a 2015 da 2016, a waɗannan ƙauyuka aka ji a jiki.

Abin da ba a rubuta a bangon gidan tarihi da manyan baƙaƙe ba shi ne abin da ya biyo bayan tafiyar baƙi. Tun a 1975 masu binciken teku na ƙasar suka fitar da rahoton da ake kira "baƙin rahoto", suna gargaɗin cewa kod yana raguwa. Baƙi suka tafi, 'yan gida suka sayo sababbin jirage suka maye gurbinsu, kifi ya ci gaba da raguwa. Sun kuma riga sun ga aya a kan kifin herin, wanda ya ɓace a ƙarshen shekarun 1960 ya bar garuruwa irin su Siglufjordur da kangon masana'antu. A 1984 aka fara raba wa kowane jirgi kaso gwargwadon abin da ya saba kamawa, a 1990 aka ba da damar sayar da kason. Yanzu duk shekara masana ke fita su auna, a ba da izinin kama kashi 20 cikin 100 na manyan kod, shekarar su ta fara ranar 1 ga Satumba, kuma duk kifin da aka sauke sai ya hau sikelin hukuma. Wannan ɓangaren ya burge ni fiye da labarin almakashi. Mun tsaya a bakin tasha muka ga ana auna kwandunan wani ƙaramin jirgi, aka ce kafin dare lambar ta hau shafin hukumar a intanet, kowa yana iya dubawa.

Sai dai sashe na farko na dokar 1990 ya ce kifin ruwan Aislan dukiyar al'umma ce baki ɗaya, alhali kason ya taru a hannun manyan kamfanoni ƙalilan, duk da an hana kowane ɗaya wuce kashi 12 cikin 100. Mai jirgi a ƙauye ya sayar da kasonsa ya koma birni da kuɗinsa, masana'antar garin ta rufe, gidajen mutane suka faɗi a daraja, ga kifi a bakin ƙofa ba halin kamawa. Wasu masunta biyu sun kai kuka har Kwamitin Haƙƙin Ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya, a 2007 kwamitin ya ce an nuna musu bambanci. A 2009 aka buɗe wa masu ƙananan jirage su na ƙugiya a watannin bazararsu, daga Mayu zuwa Agusta, 'yan kwanaki a mako, da iyakar abin da za a kama a rana. Wani da na tarar yana wanke jirginsa a Hafnarfjordur ya ce mini mahaifinsa yana cikin waɗanda suka yi zanga-zanga a gaban ofishin jakadancin Birtaniya a 1973, shi kuwa yau in yana son ya wuce abin da aka yanka masa sai ya yi hayar kaso daga wani da bai taɓa jiƙa hannunsa ba. Na tambaye shi ko ya fi son a koma yadda ake a da, kowa ya kama iya ƙarfinsa. Ya ce a'a, kifin zai ƙare. A bar ƙidayar, a sake rabon.

Da maƙwabta ma ba a gama ba. Wajen 2008 kifin makarel ya fara shigowa ruwan Aislan da yawa saboda ɗumamar teku, ƙasar ta yanka wa kanta kaso, Norwe da Tarayyar Turai suka ce ba ta da tarihin kama shi, kusan irin hujjar da Ingilishi suka riƙe a da, sai dai an juya ta. An yi shekara da shekaru ana zama ana tashi, kowace ƙasa tana yanka wa kanta, jimillar abin da ake kamawa tana wuce shawarar masana. Kifi na cikin manyan dalilan da suka sa neman shiga Tarayyar Turai da Aislan ta gabatar a 2009 ya tsaya a 2013, kuma duk wanda na taɓo wa zancen a bakin tasha, tambayarsa ta farko ita ce wa zai riƙa yanka kason kod, Reykjavik ko Brussels, hedikwatar Tarayyar Turai.